Ƙuma a jikin kyanwa: ɗigon ƙeya, abin wuya, hoda ko mataji, wanne ya dace da gidanka a Akra?

Duk wanda ke riƙe da kyanwa a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Madina, ko ba daɗe ko ba jima zai tsinci kansa gaban kantin maganin dabbobi yana rarraba ido. Ga 'yar robar ɗigo da ake matsawa a ƙeya, ga abin wuya a cikin gwangwani, ga hoda mai arha, a gida kuma maƙwabci ya riga ya ce ai ɗan kananzir ma ya isa. Kyanwar dai na can tana susa har gashin bayanta ya fara zubewa, yara kuma sun soma kuka da cizo a idon sawu.

Da yawa daga cikin ƙananan cututtukan da ke wahalar da kyanwar gida daga ƙuma suke somawa. Ita ke shan jinin 'ya'yan kyanwa har dasashinsu ya yi fari, wasu su mutu da ƙarancin jini. Ita ke kawo tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa: kyanwa na lasar jikinta ta haɗiye ƙuma, bayan 'yan makonni a ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a gindin wutsiyarta. Yaro ƙarami ma in ya haɗiye ƙuma yana iya kamuwa da irin wannan tsutsa. Kashin ƙuma da ke maƙalewa a farcen kyanwa shi ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa mutum zazzaɓi da kaluluwa bayan yakushi. Wasu kyanwoyin kuma jikinsu ba ya jure yawun ƙuma, cizo ɗaya ya isa ya tayar musu da ƙuraje daga wuya har gadon baya.

Kafin ka fitar da sidi ko ɗaya, tabbatar ƙumar ce. Tsayar da kyanwar kan farar takarda, ka taje bayanta kusa da wutsiya. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo za su zubo. Ɗiga musu ruwa. In suka narke suka yi ja, busasshen jini ne, wato kashin ƙuma. In kuwa abin da ke jikinta zagayayyen wuri ne da gashi ya cinye, yana ɓarewa, wataƙila makero ne, kuma duk magungunan da za a ambata a nan ba sa taɓa shi.

Ma'aunin da za a bi

Na farko kuɗi, amma kuɗin wata, ba kuɗin da za a biya yau ba. Kusan duk waɗannan magunguna daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne ka raba kuɗin kowane abu da yawan watannin da zai yi yana aiki, sannan ka ninka da yawan kyanwoyin gidan.

Na biyu daɗewa, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Ƙumar da kake gani tana tsalle a jikin kyanwa ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke gidan ba. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi da waɗanda suka naɗe kansu suna jiran ƙyanƙyashewa, suna cikin kafet, ƙarƙashin kushin, tsagar siminti, kan darduma da kyanwar ta saba kwanciya. Tamatar ƙuma kan saka ƙwai har 50 a rana, kuma inda akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babbar ƙuma mako biyu zuwa uku ne. Akra kuwa ba ta rabuwa da laima. Abin ya fi ƙamari daga Afrilu zuwa Yuli, ya sake tasowa da ruwan Satumba zuwa Nuwamba, hunturu ya ɗan rage shi kawai. Maganin da ke kashe na yau ya bar na gobe bai yi aikin da aka saye shi domin sa ba. Ana buƙatar magani ya ci gaba da aiki a jikinta aƙalla wata uku a jere, ko da sai an riƙa maimaitawa.

Na uku sauƙi: shin mutum ɗaya zai iya yi ba tare da an yakushe shi ba, kuma zai tuna ya maimaita? Na huɗu haɗari, ga kyanwar, ga yara, ga sauran dabbobin gida. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da wasu sinadarai da hantar kare ko ta mutum ke narkarwa cikin sauƙi. Shi ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya kashe ta, shi ya sa kuma ma'aunin haɗari ya fi sauran nauyi a wurina.

Ɗigon ƙeya

'Yar roba ce mai ɗauke da ruwan magani bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Za ka raba gashin ƙeya da yatsu biyu har ka ga fata, ka ɗora bakin robar a kan fatar, ka matse duka a wurin da harshenta ba ya kaiwa. In aka zuba a kan gashi, rabin maganin ya tafi a banza. Kada a yi mata wanka kwana biyu kafin da kwana biyu bayan an sa, kada yara su shafa wurin sai ya bushe, in kuma kyanwoyi biyu ne masu lasar juna a raba su na yini ɗaya. Wadda ta lasa takan yi ta dalalar da miyau saboda ɗaci, yawanci abin kan wuce da kansa.

Ɗigon ba iri ɗaya ba ne, kuma sunan sinadarin da ke jikin kwali ya fi sunan kamfani muhimmanci. Mai fipronil, irin su Frontline da ire-irensa masu rahusa, yana kashe ƙuma da kaska da ƙwarƙwata, yana riƙewa kamar wata guda, ana fara sa wa 'yar kyanwa daga mako 8 in ta kai kilo 1. Mai imidacloprid, wato Advantage, ƙuma ce aikinsa, shi ma wata-wata. Mai selamectin, da ake sayarwa da sunan Revolution ko Stronghold, ya fi faɗin aiki: ƙuma, ƙwarin kunne masu tara baƙin datti su sa kyanwa ta yi ta kaɗa kai, da dogayen tsutsotsin ciki, sai dai ba ya kashe mai gaɓa-gaɓa. Sai mai fluralaner, wato Bravecto na kyanwa, wanda sawa ɗaya ke kai mako 12. Ya fi tsada a hannu, kuma a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja hankali cewa magungunan danginsa sun haddasa karkarwa da jijjiga ga wasu dabbobi, don haka kyanwar da ta taɓa jijjiga a nemi shawarar likita tukuna.

Ta fuskar kuɗi, ɗigo matsakaici ne zuwa mai tsada, kuma kuɗi ne mai dawowa kowane wata. Ta fuskar sauƙi babu kamarsa, minti ɗaya an gama. Rauninsa mantuwa: a sa wata ɗaya, a ga susa ta ragu, a bari, bayan mako uku ƙwan da ke cikin kafet su ƙyanƙyashe, a ce maganin jabu ne. Wani lokacin ma jabun ne, ko kuma zafi ya lalata shi, domin takardar yawancinsu na cewa kada a ajiye inda zafi ya wuce digiri 30, kantin kwantenar da rana ke duka tun safe kuwa ta wuce haka nesa.

Haɗarin ɗigo na gaske shi ne a ɗauko na kare. Da yawa daga ɗigon karnuka na ɗauke da permethrin mai ƙarfi, wanda guba ne ga kyanwa. Advantage na kyanwa da Advantix na kare, sunayen sun yi kusa, kwalayen ma haka, amma na biyun na da permethrin. Sau da yawa za ka ji mai kanti na cewa, "Hajiya, na kyanwa ya ƙare, amma ki ɗauki wannan ki sa mata rabi, duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne, rabin ma yana kisa. Alamun kan fito cikin 'yan sa'o'i: kunnuwa da fatar baya na rawa, miyau, tangaɗi, sannan jijjiga. Babu maganin da ke karya gubar kai tsaye. Abin yi shi ne a wanke wurin da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwano, a naɗe ta a tawul, a nufi likita nan take. Ko karen gida aka sa wa irin wannan ɗigo, a hana kyanwa kusantarsa kwana uku. Masu kiwon zomo su sani fipronil na kashe zomo. Kada kuma a shafa wa kajin da za a ci ƙwansu. Shi ne sinadarin da aka samu a ƙwan kaji a Turai a 2017 har aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwa.

Abin wuya

Iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa. Akwai mai tsada irin Seresto, mai imidacloprid da flumethrin, wanda ke sakin magani a hankali har wata 7 zuwa 8, yana kashe ƙuma da kaska, ba shi da wari, an kuma yi shi yadda zai saki in ya maƙale. Ana sa wa kyanwa daga mako 10. A ɗaura shi yadda yatsu biyu za su shige tsakaninsa da wuya, a yanke rarar. Kuɗinsa na farko kan sa mutum ja da baya, amma in ka raba gida takwas ka kwatanta da ɗigo takwas, sau da yawa za ka ga ya yi daidai ko ma ya fi sauƙi. An yi ta ƙorafi a kansa a Amurka a 2021, a 2023 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta bar shi a kasuwa tare da ƙarin sharuɗɗa. Jabunsa ya yi yawa a intanet, saboda haka farashin da ya faɗi ƙasa sosai abin tuhuma ne.

Lissafin gida takwas ɗin yana tsayawa ne in abin wuyan ya zauna a wuyan. Kyanwar zango da ke bin rufin kwano, tana kutsawa ta waya, tana faɗa da muzurai a bakin kwata, za ta iya dawowa da wuya fayau a mako na biyu, kuɗin wata takwas sun tafi. Wadda ba ta fita ɗaki da baranda ita ta fi cin moriyarsa.

Iri na biyu su ne masu arha masu ƙarfin wari, wasu ba a ma rubuta sinadarin da ke ciki ba. Da yawansu tsofaffin magungunan ƙwari ne da ke iya sa kyanwa amai da miyau, aikinsu kan tsaya a wuya alhali ƙuma ta fi taruwa a gindin wutsiya, ga shi ba sa tsinkewa. Kyanwa kan zura hannu ɗaya ciki, robar ta yi ta yankan hammatarta har ya zama gyambo. Araha ba ta ado. Gidan da ke da yaro mai rarrafe da ke kama kyanwa ta wuya ya kai hannu baki, ni dai ba zan sa kowane irin abin wuya ba.

Hoda, sabulun wanka da feshi

Hoda da sabulun ƙuma su ne mafi arha a kanti kuma mafi gajeren aiki. Suna kashe abin da ke jikin kyanwa a ranar, bayan 'yan kwanaki a koma gidan jiya. Hoda na shiga hancinta, tana kuma lashe ta. Wankan babbar kyanwa kuwa kokawa ce da sai an yi mutum biyu. Da yawa daga cikinsu don kare aka yi su, da permethrin a ciki.

Feshin fipronil ya fita daban. Shi kaɗai ne a wannan rukuni aka yarda a yi wa jariran kyanwa tun suna da kwana 2, yana riƙewa makonni, kwalba ɗaya kuma na isar kyanwoyi da yawa. Wahalarsa lissafi: ana ƙirga matsawa gwargwadon nauyin dabbar, a sa safar hannu, a shafa har fata, a bar ta ta bushe a wuri mai iska nesa da wuta. Akwai kuma ƙwayar nitenpyram, wato Capstar, da ke fara zubar da ƙuma cikin minti 30, amma ƙarfinta kwana ɗaya zuwa biyu ne. Ta agajin gaggawa ce ga kyanwar da aka tsinto jikinta na tafasa da ƙuma.

Mataji da tsaftar makwanci

Mataji mai ƙananan haƙora, irin na ƙwarƙwata, da kwanon ruwan sabulu a gefe. Ka fara daga wuya ka gangara, duk ja ɗaya ka tsoma matajin a ruwan, domin ƙumar da aka murje da yatsa tashi take ta yi tsalle. Kuɗinsa kusan babu, haɗarinsa babu, amma aikin kullum ne, kuma shi kaɗai ba ya gama da ƙuma a gidan da ta riga ta yi sheƙa.

Rabinsa na biyu, wato tsaftar makwanci, ba zaɓi ba ne ma, domin duk hanyar da ka ɗauka sai ka haɗa da shi. A wanke tsumman da take kwana a kai da ruwan zafi kowane mako, a shanya kafet da kushin da tabarma a rana mai ƙarfi saboda tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa, a share ƙarƙashin gado da bayan kujera, a ƙulle sharar a leda a fitar. In gidan akwai kaji, duba gefen kunnuwan kyanwar. Akwai wata ƙaramar ƙumar kaji da ke kafewa a nan jere-jere ba ta tsalle, kuma muddin ba a gyara akurkin ba za ta yi ta dawowa.

Maganin tumaki da dabarun unguwa

A gidajen da ake turke raguna don layya ba a rasa ragowar maganin wankan dabbobi ko kwalbar allurar ivermectin, kuma hannu kan kai gare su don an riga an biya. Maganin wankan tumaki da shanu yawanci amitraz ne ko cypermethrin, dukansu suna iya kashe kyanwa. Ivermectin na shanu an haɗa shi ne don dabba mai ɗaruruwan kilo. Abin da kyanwa mai kilo 3 za ta ɗauka bai wuce ɗigo biyu zuwa uku ba, kuskure kaɗan ya makantar da ita ko ta suma, kuma ba ma maganin ƙuma ba ne na kirki. Kananzir na ƙona fata ya shiga huhu. Dettol da danginsa guba ne gare ta. Kafur ma guba ne, tafarnuwa da albasa kuma na lalata jininta. Maganin sauro na fesawa ma a fitar da ita da kwanon abincinta kafin a fesa. Wannan rukuni ba shi da gurbi a teburin ƙasa.

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ɗigon fipronil ko imidacloprid | Matsakaici, kowane wata | Wata 1 | Sosai | Kaɗan, in na kyanwa ne |
| Ɗigon selamectin | Ya fi na sama tsada | Wata 1 | Sosai | Kaɗan. Yana haɗawa da ƙwarin kunne da wasu tsutsotsi |
| Ɗigon fluralaner | Tsada a hannu | Mako 12 | Sosai | A kula da mai tarihin jijjiga |
| Abin wuya mai inganci | Tsada sau ɗaya | Wata 7 zuwa 8 | Sosai | Ɓata, jabu, hannun yara |
| Abin wuya mai arha | Arha | Ba tabbas | Sosai | Babba |
| Hoda da sabulu | Arha | Kwanaki | Da wuya | Matsakaici zuwa babba |
| Feshin fipronil | Matsakaici, kwalba na daɗewa | Makonni | Sai an ƙirga | Kaɗan in an bi ƙa'ida |
| Mataji da wanki | Kusan kyauta | Rana 1 | Aikin kullum | Babu |

Akwai abubuwa biyu da babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye gurbinsu. Ɗaya ƙwayar tsutsa mai praziquantel, irin Drontal ko Milbemax na kyanwa, domin duk kyanwar da ta yi ƙuma a ɗauka tana da tsutsa mai gaɓa-gaɓa, mai kama ɓera kuma tana samun wata irin daga ɓeran, don haka ita aƙalla duk wata uku. Ɗayan allurar rigakafin haukan kare, wadda ake fara yi daga wata 3. Cutar na nan a Gana, kyanwa na kamuwa kuma tana yaɗawa. Asibitin dabbobi na gwamnati da ke La da asibitin koyarwa na ƙananan dabbobi na Jami'ar Gana a Legon duk wurare ne da za a auna nauyin kyanwa a zaɓa mata magani daidai kilonta, a yi mata allurar a zuwa ɗaya.

Wa ya dace da wanne

Mai kyanwa ɗaya da ke yawo a unguwa tana kamun ɓera a shago ko sito: ɗigo kowane wata, selamectin in aljihu zai ɗauka, fipronil in ba zai ɗauka ba, da ƙwayar tsutsa duk wata uku. Abin wuya zai ɓata.

Mai kyanwar ɗaki a bene, babu ƙananan yara, kuma ya san halinsa na mantuwa ko yawan tafiya: abin wuya mai inganci daga hannun likita, ko ɗigon mako 12.

Babban gidan haya mai kyanwoyi huɗu ko biyar na ɗakuna daban-daban: a haɗa kuɗi a sayi kwalbar feshin fipronil, a yi wa duka rana ɗaya, a maimaita wata uku a jere. In Maman wane ta yi wa tata, ta ɗakin gaba ba a yi mata ba, kuɗin Maman wane ne ya tafi.

'Ya'yan kyanwa da ba su kai mako 8 ba: mataji safe da yamma, sabon tsumma kullum, uwar kuma a yi mata maganin da likita ya tabbatar ya dace da mai shayarwa. In ka ɗaga leɓen jaririyar ka ga dasashi fari, ba ta da kuzarin tsotso, a kai ta asibiti a ranar.

Wanda kuɗinsa bai kai ko ɗaya ba a wannan watan: mataji, ruwan zafi da rana, ya tara na ɗigo uku kafin ruwan Afrilu ya sauka.